Farantin dattijon Tsibiri

Shekarar da aka turo ni bautar ƙasa Talata Mafara, ni kaɗai ce a ɗakin gwajin asibitin. Daga Kano na zo, ban san kowa ba. Sai in wuni ban buɗe baki ba, ni da farantan gwaji.

Aikin ba wuya. Ki lakato ruwan ciwo, ki shafa a faranti, ƙwayar cutar ta tsiro. Ki sake shafa ta a wani farantin, ki jera ƙananan takardu masu magani a kai, ki bari ya kwana. Maganin da ya fi ƙarfinta, za ki ga fili ya zagaye takardarsa. Daga waɗanda ta ƙi ji ma ana gane danginta.

Wata Talata likita ya turo min wani dattijo daga Tsibiri, manomin shinkafa, kullum ƙafarsa cikin ruwan Bakolori. Gyambo ne ya ci masa idon sawu wata huɗu, har an fara zancen yanke ƙafar. Mun daɗe muna gaisawa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi baƙunta, ya tambayi mutanen gida. Rabona da wannan tambayar tun ranar da na sauka tasha.

Na lakato, na shafa. Kwana biyu farantin fes, ko ɗigo bai tsiro ba.

Da ya dawo ran kasuwa na ce, "Baba, me ka sa wa ciwon kafin ka zo?"

"Wanke shi na yi da ruwan zahi, ɗiyata. Na hwasa kafso biyu na barbaɗa. Ai ba a kai ma ɗiyar mutane ƙazanta."

"Baba, ƙazantar nake nema."

Ya yi dariya. "To ke kam an ba ki aiki."

Na roƙe shi kwana uku kada ya sa komai. Ya zo da ciwon yadda yake, yana ta ba ni haƙuri saboda warin. Wannan karon ƙwayar cutar ta tsiro, ɗigo-ɗigo ruwan zinare. Takardu shida na jera. Biyar ta mamaye su, ɗaya ce kawai ta yi fili, ita ma maganin da ke kanta na allura ne. Da kaina na kai wa likita sakamakon, ban aiki kowa ba.

Ba a yanke ƙafar ba. A bakin wata nas na ji, tana wucewa. Wanda ya warke ba shi da abin yi a ɗakin gwaji, don haka ban sake ganinsa ba.