Kwanaki Arba'in Ban Amsa wa Dada Ba

Na gaji da tambayar nan. Shekara talatin ina koyar da Turanci, kuma har yau iyaye na tare ni a hanya suna cewa, "Malam, mene ne sirrin?" Nakan ce su saya wa yaro littafi, in wuce abina. Amsar gaskiya tana da tsawo, kuma ba na jin daɗin ba da ita.

A Haɗeja na tashi, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, a hannun kakata Dada. Bafulatana ce daga wajen Kaugama, aure ya kawo ta gidan masunta. Idan ruwa ya janye daga fadama kifi ya yi yawa, ita ke yin banda. Da an yi sallar magariba sai ta zauna gaban wuta tana juya tarwaɗa, ni kuma in raɓe a gefenta, hayaƙi na sa mu hawaye. Tatsuniyarta tana da doka guda: in ta kai inda labari ya yi zafi sai ta yi shiru, ba za ta ci gaba ba sai an ce, "Dada, sai me ya faru?"

Ina aji bakwai jarrabawar shiga sakandare ta matso. Malaminmu na Turanci ya ce Hausa ce ke toshe mana kai. Ya sa muka rantse da Allah cewa kwana arba'in ba za mu yi ta ba, ko a gida, in ban da gaisuwa. Sauran yara tun a bakin ƙofar makaranta suka karya. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi, ina tsoron rantsuwa ta ci ni, ina tsoron faɗuwa. Turancin nawa bai kai ya roƙi ruwan sha ba, sai na zama bebe.

Dada ta yi ta tsokanata. "Maigida, yaji ka yi mini? Ni a tallan nono na koyi Hausa. Ina kwaɓawa ana dariya, ina sayar da abina. Ban taɓa jin an ɗinke baki don a koyi magana ba."

Da ta ga ba ni da niyya, wata rana ta gyara itace ta ce, "Ga wata ta fito daga bakin kogi, mai kunne ya tare ta." Labarin wani ɗan kwaɗo ne da ya ga baƙin tsuntsayen da ke sauka a fadama, kukansu ya ba shi sha'awa. Wani tsohon zalɓe ya ce masa, in yana son ya iya, sai ya daina irin na gidansu. Ya kame bakinsa. Ana haka ruwa ya taso cikin damina, ya kwashe shi ya kai shi cikin ciyawa mai nisa. Uwarsa ta bi gaɓa tana kira, don da murya kaɗai kwaɗi ke gane nasu. Yana jin ta, ga ta nan kusa, amsa ta zo masa har maƙogwaro.

Nan Dada ta yi shiru.

Na san abin da take jira. Kalma huɗu ce ko biyar. Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu, ba ta dube ni ba. Na ƙirga kwanakin da suka rage, sha ɗaya. Na sunkuyar da kai ina wasa da toka.

"To," in ji ta. "Allah ya ba da sa'a, Bature."

Ba ta yi fushi ba, ko kuwa ba ta nuna ba. Amma daga ranar ba ta sake yi mini tatsuniya ba. Na ci jarrabawa, aka kai ni makarantar kwana. In na zo hutu girman kai ya hana ni tambayar ƙarshen labarin, wai ni ɗan sakandare. Ina aji uku na sakandare ta rasu.

Abin da ke ci mini rai shi ne shirun nan bai ƙara mini Turanci ko kalma ɗaya ba. A makarantar kwana na koye shi, ta hanyar Dada: ina kwaɓawa ana dariya, gobe in sake. Duk da haka, da na zama malami, na yi shekaru ina sa yara tsallen kwaɗo saboda sun yi Hausa a aji. Sai da furfura ta fara fito mini na daina.

Yanzu in yaro ya matsa mini, nakan ce ya buɗe baki ya yi kuskure, ya karanta duk abin da ya samu, in ya koma gida kuma ya amsa wa duk wanda ya kira shi da harshen da aka kira shi. Na tambayi tsofaffi da yawa labarin ɗan kwaɗon nan, daga Haɗeja har Miga. Babu wanda ya taɓa jin sa. Ashe a ranar ta ƙirƙira shi, domina ni kaɗai.