Baƙuwar da Ta Warke a Mabera

A wani kantin magani da ke unguwar Mabera a Sakkwato na gan ta, zaune a kan benci tana jiran a haɗa mata ƙwayoyi. 'Yar ƙasar Filifin ce, in ji mai kantin, Malam Gazali, kuma coci ne ya turo ta aiki a ƙaramin asibitinsu. Taifod ya kwantar da ita wata guda. Farar rigarta ta yi mata yawa, ga tabon allurar ƙarin ruwa a bayan hannunta. Tana murza ƙaramin gicciyen da ke wuyanta, idonta yana kan titi.

"Sista, ya ƙarfin jiki?" Gazali ya tambaye ta.

"Da sauƙi," ta ce da Hausarta mai tsinkewa. "Likita ya ce na warke."

"Madalla. Sai gida ke nan?"

Ta girgiza kai. "Da ina kwance, shugabannin coci sun ce za su mayar da ni wurin mahaifiyata. Yanzu da na tashi, sun ce in cika shekara biyun da suka rage."

Ina zaton ta yi makonni tana roƙon Allah lafiya, ba ta san abin da lafiyar za ta hana ta ba.

Ta karɓi ledarta ta fita cikin rana. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur ɗinsa a gabanta, ya ce, "Ina za mu?"

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta faɗi sunan unguwar da asibitin yake.