Daddawar da Kaka Ke Kara Min a Hanci

Jiya likita ya ce in riƙa wanke wa ɗana hanci da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri, sai kakata ta faɗo min a rai.

A shekarun fari, ina yaro, na yi watanni hancina a toshe. Majina ta yi kauri, goshina ya yi nauyi, na daina jin ƙanshin komai, har na ƙi tuwo ina ta ramewa. Gishiri ya yi wuya a gidanmu, amma Kaka takan rage na miya ta tafasa da ruwa, in ya huce ta sa in shaƙa in fyace. Ta kuma hana ni zuwa wajen sussuka saboda ƙaiƙayi. Kullum da safe sai ta kara min daddawa a hanci, ta ce, "Maigida, ka ji wani abu?"

Wata safiya na kau da kai na ce, "Kaka, wari!" Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta ce, "Alhamdu lillahi, angona ya dawo. A zubo masa tuwo."

Allah Ya jiƙan ta, Ya tarbe ta da ƙanshin Aljanna.