Surukin da Ya Fi Kowa Kunya

Har Inna ta koma ga Allah, in ana zancen surukan kirki, da mijina na fari take buɗe baki. "Yaron nan," in ji ta, "ya sauka gidanmu, ba wanda ya ga haƙorinsa." Gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya gani, kuma haƙorin ne ya kashe shi.

Tun ba a ga Nasara a ƙasar nan ba ne, lokacin Dakoro ba ta wuce rijiya da 'yan bukkoki ba. Mu manoman gero ne. Shi kuwa mutanensa daga arewa suka gangaro, suna kiwo wajen Azagor, kuma namijinsu in ya isa naɗa rawani, ya ja amawali ya rufe baki da hanci, to shi ke nan, sai idanu. Gaban surukai kuwa idanun ma sai an leƙa. Ni dai na san bakin da ke bayan ƙyallen nan, na kuma san aikinsa. Mutum ne mai ci. Ƙwaryar furar da za ta ishi masu girbi biyu shi kaɗai yake tashi da ita, ya kuma ɗaga faifai ya ga ko an rage wata.

Haƙorin ya fara damunsa tun ina da tsohon ciki. Matauni ne na ƙasa, can ƙurya. Ya cusa kanumfari, ya cusa taba da kanwa, abin na lafawa yana tasowa. Na ce ya je wurin wanzami a cire. Ya ce shi da raƙumi ya ciza bai yi kuka ba, ba zai wangale ma wani ƙato baki saboda ɗan ƙashi ba. Aka zo aka tafi da ni gida goyon ciki, na bar shi da jaruntakarsa.

Na haifi ɗiya mace. Bayan suna, ina tsakiyar wankan jego, sai ga shi bisa raƙumi, da rago, da cuku, da man shanu. Aka sauke shi bukkar baƙi can bakin danga. Ni kuwa ina ɗaki. Haihuwar fari ce, ɗiyar ma ba a son in kalle ta gaban mutane, balle ubanta. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke yi mani wanka, ita ke kai mashi abinci. Na roƙe ta a ɓoye ta tambayar mani haƙorin. Ta dawo da murna, wai ya ce ciwon ya ɗauke ɗif tun kafin ya taso. Muka yi hamdala. Wa ya gaya mana haƙori in ya mutu shiru yake yi, ɓarnar ta gangara ƙasa?

Akushin farko ya dawo an ɗan gutsuri gefe. Inna ta buɗe, ta yi murmushi.

"Kun ga ɗan mutane? Ba irin na gidan maƙwabta ba, da ke lashe akushin surukai har ya nemi ƙari."

Washegari akushi ya dawo yadda aka kai shi. Inna ta ɗauka ta zagaya da shi tsakar gida tana nuna ma mata. Aka dama fura da nono mai kauri, ita ma ta dawo. Baba ya je gaishe shi, ya dawo yana kaɗa kai don jin daɗi: wai yaron ko ɗaga murya ba ya yi, magana can cikin maƙoshi, sai ka kasa kunne. Gwaggo ta ƙara da nata, wai duk sa'ad da ta shiga zaune take iske shi, ba ta taɓa kama shi kwance ba, ga shi lulluɓe da bargo rana tsaka don kada a ga ko yatsansa. Kai, ladabi ya yi ladabi! Har tsofaffin unguwa suka riƙa zuwa kallo suna sa albarka.

Na ce, "Inna, mutumin nan ba kunya ke damunsa ba. Na san cinsa."

"Ke, rufe mana baki! Mai jego da zancen miji, a gidan ubanta? Me kike so a ce da mu?"

Na rufe. Amma da hantsin wata rana Gwaggo na ɗiban ruwan zafi tana watsa mani, sai ta ce, kamar abin dariya, amawalin nasa ya jiƙe sharkaf, ko zufar kunya ce oho. Gabana ya faɗi. Mutumin da ba ya tofar da yawu gaban kowa, yawu na zubo mashi?

Na ɗaura zane na fito, jikina na tururi. Na ratsa tsakar gida, Inna na salati, mata na riƙe baki. Na faɗa bukkar, na kama amawalin na fizge.

Wayyo Allah. Ban gane shi ba. Kumburi ya taso daga kunci ya cika ƙarƙashin haɓa ya sauka wuya, na taɓa na ji tauri kamar icce, ga zafi. Haƙoransa sun ɗinke, ko bakin ludayi ba ya shiga. Yawu na dalala don ba ya iya haɗiyewa, numfashi na fita da ƙara. Zaman da ake yabo, ashe in ya kwanta iska ba ta wucewa. Na kwarma ihu, Baba ya shigo da gudu. Ka san abin da bawan Allahn nan ya yi? Da ɗan ƙarfin da ya rage mashi, ya lalubo ƙyallen ya mayar bisa bakinsa. Surukinsa ya shigo.

Raƙuminsa aka hau aka ɗauko wanzami daga wani ƙauye can kudu. Sai la'asar suka iso. Tsohon ya ajiye zabira, ya latsa wuyan, ya dube mu.

"Tun yaushe bakin ya ƙi buɗuwa?"

Ya ƙara tambaya:

"Masassarar fa? Yaushe ya daina haɗiya?"

Inna ce ta amsa daga bayan danga, wai ai su ba su ga komai ba, yaro ne mai kunya.

Wanzami ya ce ciwon haƙori kowa na yi, a sha kanumfari a jira rana mai sauƙi. Amma ran da kunci ya tashi, jiki ya ɗauki zafi, ran nan ake neman wanzami ko yana gona. In baki ya ƙi buɗuwa kuwa, ko haɗiya ta gagara, ba a tsayawa neman takalmi. Da an kira shi tun kumburin na kunci, da ya sa awartaki ya cire, mugunya ta sami hanya. Ya dai sa ƙarfe a wuta ya yi sakiya, abin da ya fito bai cika cokali ba. Da safe, rana na fitowa, mijina ya cika, a zaune, kansa bisa kafaɗar Baba.

An yi zaman makoki. Kana tsammanin haƙori aka tattauna? Ina! Zancena aka yi. Wai ɗiyar gidan nan ta fito daga wanka ta kware ma miji fuska gaban ubanta. Shi kuwa aka ce ya tafi da mutuncinsa, irinsa ba su daɗewa. Na ji haushin Inna, na ji haushinsa, har yau ban gama ji ba. Na so mutumin nan, kuma ya zaɓi ƙyalle ya bar ni da jaririyar da bai ko ɗauka ba.

Yarinyar ta girma, ita ma ta aurar da nata. Yanzu duk surukin da ya sauka gidana, ni da kaina nake kai akushi. In ajiye, in zauna, in ce, "Sauke amawalin. Buɗe baki in gani. To, bisimilla." Wasu har zufa suke yi. Garin nan kaf an san ni, tsohuwa marar kunya. Ba na tashi sai na ga loma ta wuce.