Haboba Ta Goge Mini Riba

"Ya zol, kai mutumina, wa ya goge waɗannan?" in ji wani dillali a kasuwar Gadarif ta Sudan, yana jujjuya saitin tsabar azurfa na tunawa da na saya da tsada.

Na ce, "Haboba, kakata. Ta fasa robarsu ta dirje su da toka, wai sun dushe."

"Akwatin da takardar shaidar fa?"

"Akwatin, citta take zubawa a ciki. Takardar ta ƙulle riɗi da ita."

Ya ce gogewar ta kashe darajarsu, sai dai ya saya a nauyin azurfa. Wasu lambobin tagulla masu araha da na saya tare kuwa, da ta raina ba ta taɓa ba, su suka ninka kuɗinsu!

Na koma gida ina huci, Haboba ta ce, "Ko godiya babu?"

Jama'a, wa kakarsa ta taɓa yi wa irin wannan taimakon?