Yaƙin da muka bari ni da Baban Hanifa

Shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana, Baban Hanifa, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Duk shekara idan watan nan ya kama, sadaka nake yi, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin an rufe wuri ɗaya tilo da ya rage a duniya inda yake zaune yana jirana.

Malamin gona ne a Garki, sai ƙarshen mako yake zuwa mana gida Yalwawa a nan Dutse. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne wasan yaƙi na kwamfuta, irin wanda ake shimfiɗa maka taswira da kogi da gada da ƙauyuka, a ba ka sojoji da tankoki ka san yadda za ka yi da su. Wata rana wani ƙaramin kamfani na ƙasar waje ya yi cigiyar 'yan sa-kai da za su gwada sabon wasansa kafin a fitar da shi kasuwa. Ba biya, kuma sun fi son masu tsohuwar kwamfuta da intanet mai yankewa. Ya shigo yana ta ƙyaƙyata dariya, wai yau dai ɗauke wutar unguwarmu ta samar masa aiki.

Na ɗauka daɗi aka ba shi ya sha. Ashe wahala ce zalla. Mai gwaji ba nasara yake nema ba, inda abin zai lalace yake farauta. Sai ya hau da tanka kan gada, ya yi baya, ya sake hawa, ya yi ta yi har tankar ta nutse cikin gadar kamar an jefa dutse a kunu. Daga nan ya zauna ya rubuta musu abin da ya yi, da abin da ya zata zai faru, da abin da ya faru. Wani lokaci su gode, wani lokaci ko uffan. Ran da suka ce sun gwada ba su ga matsalar ba kuwa, ranar ko tuwo ba ya yi masa daɗi. Hajiya mahaifiyarsa ta sha tambayarsa wane irin aiki ne wannan, babba da gemunsa yana gyara wa Turawa wasan yara kyauta. Shi dai sai ya sunkuyar da kai ya ce a yi masa addu'a.

Ni kuwa jawo ni ya yi, don gwajin yana buƙatar abokin karawa. Ga yadda abin yake: kowa zai ba sojojinsa umarni a ɓoye ya rufe, ɗaya ba ya ganin na ɗaya. Sai an rufe duka biyun kwamfuta za ta nuna yadda ta kaya a fagen daga, sannan a shiga zagaye na gaba. Shi ya yi nasa a Garki bayan ya tashi aiki, ni in yi nawa idan na dawo daga makarantar da nake koyar da lissafi. To ni tun ina yarinya ba na son a cinye ni, ko a carafke ne. Kullum ni ke cinye shi, amma nasarar ba ta da gishiri, don mutumin nan sai ya kwashi sojojinsa ya tura su kududdufi ya ga ko za su nutse. In kira shi ina faɗa, in ce wannan ai raini ne, ya tsaya mu yi yaƙin gaske. Ya ce in yi haƙuri, aiki yake yi, ranar tana zuwa. Gaskiyar magana, abin da na fi so a wasan shi ne ɗan rubutun da ke fitowa ya ce ya rufe nasa. Da na gani na san ya koma masauki lafiya.

A makon da ya kwanta ciwo, ya riga ya rufe umarninsa, ni ban kai ga nawa ba. Zazzaɓi ne ya rufe shi, aka kawo shi asibiti nan Dutse, kafin mu ankara Allah ya karɓi abinsa. Sai bayan na fita takaba na iya kunna kwamfutar. Rubutun yana nan: abokin karawa ya ba da nasa, ni ake jira. Na kashe ta da sauri.

Wanda bai rasa nasa ba zai ce wauta ce. An raba kayansa. Hotunansa na kalle su har na san inda kowace inuwa ta faɗi, saƙonnin muryarsa na haddace su har da tarin da ya yi a tsakiya. Komai nasa ya zama tsoho a wurina, ban da wannan. Muddin ban danna ba, akwai sauran abu ɗaya da ya yi da hannunsa wanda ban gani ba tukuna. Nakan kunna lokaci-lokaci in duba rubutun kawai, in ji kamar yana Garki.

Sau da yawa ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Wasan ya fito tuni, har ya sauka a waya. Na taɓa shiga adaidaita a bakin kasuwa na tarar da direban yana bugawa kafin fasinja su cika, na leƙa na ga tankarsa ta haye gadar nan sumul. Na so in ce masa mijina ne ya gyara masa ita, amma sai na gyara zama na mai da idona titi. Mun sa sola a gida, wuta ba ta yanke mana, na san da zai ce mun kore shi daga aiki. Na kuma ji an ce yanzu na'ura ce ke yin yawancin gwajin. Ina jin da zai taɓe baki ya ce na'ura ba ta da naci irin nasa, ni kuma in ce ba ta da taurin kai dai.

A watan jiya kamfanin ya sanar da tsofaffin masu gwaji cewa zai rufe dandalin gwajin a ƙarshen wata, duk yaƙin da ba a ƙarasa ba za a share shi. Na yi kwanaki ina kewaya kwamfutar kamar mai tsoron kare. 'Yarmu Hanifa, wadda yanzu ta kusa gama sakandare, ita ta gaji da ni.

"Umma, ki buɗe," in ji ta. "Abba don ki gani ya yi shi. In kika bari suka share, shi ke nan ba wanda ya gani."

Na balbale ta da faɗa, na ce yaushe aka haife ta. Amma ran Asabar da hantsi na shiga ɗaki na rufo ƙofa.

Sojojinsa suna wani ƙauye a hayin kogi, kuma hanya biyu ce zuwa gare su: gada, ko wani mashigi ta cikin kurmi. Ni mace ce mai zuwa kai tsaye, kowa ya sani, shi ma ya sani. Don haka na ce zai tsare gada. Na ce wa kaina ai ba ni ce ta da ba, shekara biyar na riƙe gida ni kaɗai, na koyi dabara. Na tura rundunata gaba ɗaya ta kurmi, na yi bisimilla, na danna.

Gadar nan wayam, ko soja ɗaya bai ajiye ba. Manyan bindigoginsa duka suna laɓe a bakin kurmi, sun saita mashigin. Kafin in ƙifta ido ya share mini rabin runduna.

"Kai, Malam! Amma ka iya mugunta!"

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da Hanifa ta banko ƙofa. Ta same ni ina dariya, hawaye yana zuba har kan hijabina.

Ana cewa abin da mutum ya bari shi ne aikinsa, kuma haka ne, gadarsa tana nan a wayoyin mutanen da ba su san sunansa ba. Amma ni abin da na gano ranar daban ne. Wannan haƙurin da yake zama da shi yana lura da abu har ya san inda zai karkata, ashe ba wasan kaɗai yake yi wa ba. Ya san inda zan bi, ya san ma dabarar da zan yi don kada ya sani. Tun da ya tafi ba wanda ya san ni haka, kuma ban ankara da irin kewar da nake yi wa hakan ba sai da na sake ɗanɗana shi.

Da ƙurar ta lafa, na tattara ragowar sojojina na ba su sabon umarni, na rufe. Rubutun ya canza, ya ce ana jiran abokin karawa. Haka na bar shi har ƙarshen wata.