Bokitin Zalmen

Yau bakina ya ƙi rufuwa, sai na gaya wa wani. Amma bari in ɗauko daga farko.

Zalmen ƙanena ne, ni na goya shi. Sana'arsa shafa farar ƙasa a garinmu, nan yankin Podoliya. Duk gidan Bayahuden da ya shafa, sai ya bar kamu ɗaya daura da ƙofa bai shafe ba, yadda kakanni suke yi don tuna Haikalin Urushalima da aka rushe. Yana kuma da wani bokitin farar ƙasa a rufe, ba ya taɓa shi. Wai ranar da Almasihu ya zo, aka sake gina Haikalin, da shi zai bi gida-gida ya cike wuraren nan.

Hershl mahauci kan tsokane shi, yana kiransa Reb, wato malam: "Reb Zalmen, ka fara da gidana. Surukata na cewa rowar farar ƙasa na yi."

"Kai ne na ƙarshe, mai sayar da ƙashi da sunan nama!"

Ni karatuna bai je ko'ina ba, shi kuwa yana da tsofaffin littattafai cike da mala'iku da dabbobi masu ƙahoni. Ya ce min, "Yaya Dobe, ba a rubuta irin waɗannan cikin daɗi. Sarkin Yunanawa ne ya hana kakanninmu hutun Asabar da kaciya, annabawa kuma sun yi shiru. Wuya ce ta sa mutane suka fara hango ƙarshen duniya, don su iya jurewa."

Bara sojoji suka shigo gari yana ƙauye wajen aiki. Ya dawo ya tarar an kashe matarsa Perl da 'yarsa Mirele. Ko hawaye bai yi ba. Ya ce wannan masifar naƙuda ce, haihuwa ta kusa, Almasihu na tafe. Ya duƙufa kan littattafan har ya fitar da ranar zuwansa, wata Talata bayan girbi. Ya sa rigar Asabar, ya ɗauki bokiti, ya zauna bakin gada yana jiransa. Ba wanda ya zo sai wani mai keken kabeji.

Washegari ya buɗe bokitin, ya shafe kamun gidansa fari fat. Ya ce, "Ba abin tunawa, Yaya, ba abin jira." Ya bar majami'a, ya bar aiki. Dankalin da nake kai masa kaji ke cinyewa. Wata bakwai ina kallonsa yana ƙarewa, har na fara tunanin likkafani.

To yau da safe na shiga da kwano, na ji ƙarar kankara. Ga shi tsaye da wuƙar burodi yana kankare farar ƙasar da ya shafe kamun da ita, hannun nan kamar sillen kara.

Na ce, "Ai ka wuce kamu, ɗan nan."

"Ƙarin na Perl da Mirele ne." Sai ya fashe da kuka, kukan da ya riƙe tun bara. Na rungume shi, mu biyu muka yi buɗu-buɗu da farar ƙasa.

Da ya share ido ya ce, "Akwai sauran miya?"

Kwano biyu ya ci, biyu! Ya kwaɓa sabuwar farar ƙasa a bokitin, ya mayar da murfi. Ya ce in na bi ta kasuwa in gaya wa Hershl har yanzu shi ne na ƙarshe.